Takalmin Chippewa bayan damina biyu a gonakin Kaltungo, da batun mutanen da ke da sunan

Aikina na malamin gona ne, kuma yawancin kwanakin damina ina yin su ne a tsakanin kunyoyin masara da gyaɗa da waken soya a yankin Kaltungo da Billiri, inda duk wanda ya san ƙasar ya san ba ƙaya da tsidau kaɗai ke jiran ƙafar mutum ba, har da kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa. Na daɗe ina fama da takalman roba waɗanda ba sa kai ƙarshen damina ba su tsage daga dunduniya ba, har wani abokin aikina ya ba ni shawarar in nemi but na fata a wurin 'yan gwanjo. Ta haka na ci karo da takalmin da zan yi bayani a kansa, mai tambarin Chippewa, wanda yanzu ya ga damina biyu da rani guda a ƙafata, kuma ina ganin wannan lokaci ya isa mutum ya yanke wa takalmi hukunci ba tare da ya zalunce shi ko ya yi masa kara ba.

A layin 'yan gwanjo na babbar kasuwar Gombe na same shi, a rumfar wani saurayi da ya fasa dila da safiyar ranar, takalma suna zube a kan buhu ana ta haɗa kowane da ɗan'uwansa. Da ya ga na ɗauki wannan ina jujjuya shi, sai ya matso ya buɗe mini harshen takalmin, ya nuna mini wani ɗan ƙyalle da aka ɗinka a ciki mai hoton kan mutum da adon gashin tsuntsu, ya ce, "Yallaɓai, wannan ba na 'yan gayu ba ne. Na Indiyawan daji ne, su suke ɗinka shi da hannunsu, shi ya sa ba ya mutuwa." Ya sa masa kuɗi N60,000, muka yi ta ja har ya sallama a kan N38,000, bisa alkawarin zai ba ni sababbin igiyoyi idan na dawo, domin waɗanda suka zo da shi sun riga sun ci wuya. Sabonsa a Amurka yakan haura dala 200, saboda haka ban ji an cuce ni a farashi ba.

Takalmin irin na masu saran katako ne, wuyansa ya haura idon sawu da kusan tsawon tafin hannu, fatarsa ta sa ce mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, wadda idan mutum ya danna ta da babban yatsa sai wurin ya yi haske kaɗan saboda man da aka shayar da ita tun wurin jima. Akwai ƙarfe a ɓoye a hancinsa, akwai kuma wani siririn ƙarfen a tsakiyar tafinsa wanda ke hana shi lanƙwashewa idan an taka kan dutse ko bakin shebur. Ƙasansa baƙar roba ce mai manyan haƙora, ɗauke da ɗan tambari ruwan ɗorawa na Vibram, wani kamfanin Italiya da ya shahara wajen yin ƙasan takalma, dunduniyarsa kuwa ta fi ta kowane takalmin da na taɓa sawa tsayi. Na ɗora ƙafa biyun a sikelin wani mai nama don in kashe ƙwarƙwatar idona, suka ɗan haura kilo 2.

Kafin in fara sa shi na kai wa wani dattijon baduku da ke gyaran takalma a unguwarmu, domin idonsa ya fi nawa sanin fata. Ya daɗe yana bin gefen takalmin da farce, sannan ya nuna mini wata siririyar fata da ta zagaye shi tsakanin sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ka ga wannan? Saman an ɗinke shi da ita, ita kuma an ɗinke ta da ƙasan. Ba gam ne ya riƙe shi ba. Ranar da ƙasan ya cinye sai in farke zaren waje in sa wani, ba zan taɓa saman ba." Wannan shi ne salon ɗinkin da ake kira Goodyear, kuma a ganina shi ne babban dalilin da zai sa mai ƙaramin ƙarfi ya sayi irin wannan takalmi, domin takalmin da aka manna da gam idan zafin watan Afrilu ya narkar da gam ɗin ya buɗe baki, to ya gama yawo, wannan kuwa ana iya sabunta shi sau da yawa. Da na ce masa, "Baba, mai rumfar ya ce da hannu aka ɗinka shi," sai ya yi dariya, ya ce shi da ya shekara arba'in yana riƙe da basilla bai taɓa ganin hannun da zai jera zare daidai wa daida haka ba, aikin inji ne.

A gona bai ba ni kunya ba. A caɓin watan Agusta, inda takalmin roba yakan maƙale mutum ya zaro ƙafarsa ya bar shi a baya, wannan yana ɗaure da ƙafa, haƙoransa kuma suna kama gangaren duwatsun Kaltungo ko da ruwa ya jiƙa su. Ƙayar bagaruwa ba ta taɓa huda shi ba, ƙarangiya kuma ba ta samun wurin kamawa a jikin fatar sai a igiyoyi. Ruwa ba ya shiga muddin bai haura wuyan takalmin ba kuma mutum yana shafa masa mai. Ni man kaɗe nake shafawa kaɗan-kaɗan bayan na goge lakar na bar shi ya bushe a inuwa, domin rana kai tsaye tana ƙandarar da fata. Game da maciji kuwa ba zan yi wa kowa alkawari ba. Yawancin sarar kububuwa a ƙafa da idon sawu take samun manomi, fata mai kauri irin wannan kuma garkuwa ce da ta fi silifa nesa ba kusa ba, amma kamfanin yana da wani samfuri dabam mai tsawo har kusa da gwiwa wanda aka yi musamman don macizai, nawa ba shi ba ne. Wanda tsautsayi ya faɗa masa, asibitin masu sarar maciji da ke Kaltungo shi ne wurin zuwa, ba dogaro da kaurin takalmi ba.

Abin da zai gwada haƙurin mai shi a ƙasarmu shi ne cewa an yi shi ne don ƙasar sanyi da ƙanƙara. Daga Maris zuwa Mayu, idan na je duba noman rani a Dadin Kowa, kafin azahar safata ta jiƙe sharkaf, kuma na koyi ɗaukar safa biyu a jaka. Makon farko sai da ya yi mini bororo a dunduniya kafin fatar ta san ƙafata, wanda wannan halin kowane takalmin gwanjo ne da ya riga ya saba da ƙafar wani. Tsayin dunduniyar, wanda aka yi shi don mai hawa gangare da mai taka gungume, yana sa canja giyar babur ya zama aikin koyo na kwana biyu. Sai kuma alwala, wadda mai tsara takalmin bai yi lissafi da ita ba: kwance igiya daga ƙugiyoyi a ƙofar masallaci ana tada iƙama, sannan a sake ɗaurawa bayan sallama mutane suna tsallake ka, ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa nake ajiye silifa a bayan babur.

Maganar saurayin nan ta Indiyawan daji ce ta daɗe tana yi mini yawo a kai, kuma da na bi diddiginta sai na tarar rabinta kuskure ne, ɗaya rabin kuma ya fi yadda ya zata nauyi. Kamfanin an kafa shi ne a 1901 a garin Chippewa Falls na jihar Wisconsin, kuma waɗanda suka kafa shi, J. B. Piotrowski da John Andrejski, Turawa ne da suka ga kasuwa a wurin dubban masu saran itatuwa da ke aiki a dazuzzukan yankin. A 1984 kamfanin Justin na jihar Texas ya saye shi, a shekara ta 2000 kuma kamfanin Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett ya sayi Justin ɗin baki ɗaya. Ke nan takalmin ya ari sunansa daga gari, garin ya ara daga kogin Chippewa da ya ratsa shi, kogin kuma ya samo shi daga mutanen da Turawa suka tarar a bakinsa, sunan ya bi hannu uku kafin ya iso harshen takalmina.

Mutanen nan suna cikin manyan al'ummomin asali na Arewacin Amurka, suna zaune a kewayen manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, musamman tafkin Superior, a jihohin Michigan da Wisconsin da Minnesota da Dakota ta Arewa har zuwa Montana, da kuma lardunan Ontario da Manitoba da Saskatchewan. An san su da kwalekwalen ɓawon itace, da sukarin da suke dafawa daga ruwan wata bishiya, da wata doguwar shinkafar tafki da suke kira manoomin, wadda ake kakkaɓe ta cikin kwalekwale da sanduna biyu. Sunan kogin Mississippi ma daga harshensu ya fito, ma'anarsa babban kogi. Su kansu Anishinaabe suke kiran kansu, jam'i Anishinaabeg, sunan da suke tarayya a cikinsa da 'yan'uwansu Odawa da Potawatomi. Chippewa kuwa ba komai ba ne illa wani sunan nasu, Ojibwe, da bakin Turawan Ingila ya tauna, aka haɗiye wasalin farko aka sauya sauran, kamar dai yadda Sakkwato ta koma Sokoto a takardun Bature. Faransawa ma da nasu sunan, Saulteurs, domin a wurin gangaren ruwan Sault Ste. Marie suka fara mu'amala da su. Kada kuma a rikita su da Chipewyan na arewacin Kanada, waɗanda al'umma ce dabam mai harshe dabam, sunan ne kawai ya yi kama.

Abin da ya fi ba ni mamaki a matsayina na mai bitar takalmi shi ne cewa ɗaya daga cikin fitattun bayanan asalin kalmar Ojibwe a kan takalmi yake. Masu wannan ra'ayi suna danganta ta da kalmar da ke nufin tattarewa ko yamutsewa, saboda irin ɗinkin tattara da suke yi a hancin takalminsu na fata mai laushi, wanda suke kira makizin. Wasu masanan kuma suna danganta ta da rubutu, saboda zane-zanen da suke adanawa a ɓawon itace. Idan bayanin farko ne daidai, to mutane ne da aka sa musu suna saboda gwanintarsu a ɗinkin takalmi, sai ga sunan a jikin wani takalmi mai ƙarfe a hanci wanda ko kusa bai yi kama da nasu ba.

Wannan batu na sunan da baƙo ya laƙaba ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna cewa Sayawa, mutanen Bogoro da Tafawa Ɓalewa suna cewa Zaar. Muna cewa Terawa, su suna cewa Nyimatli. Muna cewa Fulani, su suna cewa Fulɓe. Kuma duk mun ga yadda Gbagyi da Bajju da Ngas suka dage har sunayensu suka kori waɗanda aka sa musu a rubuce-rubuce da yawa. Sai dai kuskure ne a ɗauki Chippewa a matsayin zagi. Da shi aka rubuta yarjejeniyoyinsu da gwamnatin Amurka, kuma har gobe ƙungiyoyinsu da dama da shi suke amsawa a hukumance, kamar na Red Lake da na Turtle Mountain da na Saginaw, da kuma Little Shell ta Montana wadda sai a Disambar 2019 gwamnatin tarayya ta amince da ita. Wasu kuma, irin su Mille Lacs da Leech Lake, Ojibwe suke sa wa a sunansu, a Kanada ma shi aka fi ji. Kalmar da ya kamata mu duba ita ce tamu, wato Indiyawan daji, domin ta haɗa kuskure biyu a wuri guda: ba su da alaƙa da Indiya, ɓatan hanyar Kolumbus ne a 1492 ya jawo musu sunan, sannan mutanen da ke da kotuna da makarantu da majalisu, har 'yarsu Peggy Flanagan ta zama mataimakiyar gwamnan Minnesota a 2019, ba a ce musu na daji.

Inda labarin takalmin ya haɗu da nasu kai tsaye shi ne dajin da aka sare. A yarjejeniyar 1837 Ojibwe suka sallama wa Amurka wani makeken yanki a Wisconsin da Minnesota na yanzu, har da kwarin kogin Chippewa, kuma abin da gwamnati take nema a lokacin shi ne dogayen itatuwan katako da ke wurin, da sharaɗin cewa za su ci gaba da farauta da kamun kifi da girbin shinkafarsu a ƙasar. Masu saran da aka ƙirƙiro wannan takalmi dominsu, a wannan ƙasar suka yi aikinsu. A 1850 aka mayar da wurin biyansu kuɗin ƙasar da suka sallama zuwa Sandy Lake a Minnesota don a tilasta musu ƙaura yamma, aka yi jinkirin biyan har hunturu ya kama su, kimanin mutum 400 suka mutu da yunwa da cuta da sanyi. Bayan shekara biyu wani tsohon shugabansu, Kechewaishke, ya yi tattaki har Washington ya gana da Shugaba Millard Fillmore, yarjejeniyar 1854 kuma ta tabbatar musu da keɓaɓɓun yankuna a cikin ƙasarsu ta gado. A 1923 aka kammala wata madatsa a saman kogin Chippewa wadda ta nutsar da fadamun shinkafa da ƙauye da kaburburan Ojibwe na Lac Courte Oreilles, tafkin da ya samu kuma aka sa masa suna Chippewa. Sharaɗin nan na 1837 bai mutu ba, domin a 1999 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta tabbatar wa mutanen Mille Lacs haƙƙinsu na farauta da kamun kifi.

Amfani da irin waɗannan sunaye a kasuwa da filin wasa ya zama abin muhawara sosai a can. Ƙungiyoyin wasannin jami'ar Central Michigan suna amsa sunan Chippewas tun 1942, kuma da hukumar wasannin jami'o'i ta hana irin waɗannan sunaye a gasanninta a 2005, an bar mata nata ne saboda Chippewa na Saginaw, maƙwabtanta, sun ce sun yarda. Kamfanin man shanu na Land O'Lakes ya cire hoton wata 'yar asalin ƙasar daga kwalinsa a 2020, duk da cewa wani mai zane ɗan Ojibwe daga Red Lake, Patrick DesJarlait, shi ya sabunta hoton a shekarun 1950, abin da ke nuna cewa su ma bakinsu ba ɗaya ba ne a kan batun. Akwai kuma dokar 1990 da ta haramta tallata kaya a matsayin aikin hannun 'yan asalin ƙasar alhali ba nasu ba ne, wato da a Amurka saurayin nan yake da rumfa, da maganar da ya faɗa mini ta jawo masa tara. Hoton da ya nuna mini ma, irin wannan babban adon gashin tsuntsu an fi saninsa da al'ummomin filayen yamma kamar Lakota, finafinai ne suka mayar da shi tambarin kowa.

Ni dai ban ga laifin kamfani ya amsa sunan garin da aka haife shi ba, hoton ne ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne ya sa ɗan kasuwa a Gombe ya yarda har zuciyarsa cewa aikin hannun wasu mutane yake sayarwa. Mu da muka gaji jima mun san zafin abin ta ɗaya fuskar. Fatun jar akuya da majeman Sakkwato da Kano suka jeme, fatake suka ƙetara Sahara da su, Turai ta yi ƙarnoni tana kiransu fatar Maroko saboda ta can suka biyo, aikin namu sunan na wani. Su Ojibwe kuwa sunan ne nasu, aikin da ribar na wasu.

Da na koma karɓar igiyoyin bayan mako biyu, saurayin ya ce sun ƙare, in dawo, na koma sau biyu ban samu ba, ƙarshe na sayi nawa a wurin masu kayan koli, kuma wannan ne kaɗai abin da na riƙe shi da shi. Na yi masa bayanin sunan a taƙaice, ya saurara da ladabi, ya ce, "To Yallaɓai, ai gara da ka faɗa mini," ko da yake ban tabbata ya daina tallarsa ba, tunda tana ƙara wa kaya daraja. Wanda zai saya ya lura da lamba, domin ta Amurka ce: 10 tasu ta yi kusa da 43 da muka saba, harafin da ke biye da ita kuma faɗin ƙafa yake nunawa, D matsakaici, EE mai faɗi, wanda shi ya fi dacewa da ƙafar da ta girma cikin silifa. Ya duba ƙyallen ciki ya ga ƙasar da aka yi shi, tunda ba duka ake ɗinkawa a Amurka ba, ya guji mai shafin ɗumi a ciki, ya lanƙwasa hancin ya ga ko fatar ta tsattsage, ya bi zaren gefe da farce kamar yadda Baba ya koya mini. Ga ma'aikacin ofis ko ɗan acaɓa nauyi ne kawai zai saya wa kansa, amma manomi da magini da mai aikin safiyo za su ci moriyarsa. Nawa dunduniyar hagu ta fara cinyewa ta waje, Baba ya duba ya ce za ta ƙara damina ɗaya, kuma tuni ya auna tafin a jikin kwali ya ajiye wani yankin tayar mota da zai yanka masa.